Yadda za a kare tubalan roba na wasan gini da ɗakin ajiyarsu daga zafin bazara

Abin da yawancin masu tara tubalan roba irin na LEGO suke tsoro idan bazara ta kama shi ne su shiga ɗaki wata rana su tarar da ginin da suka ɓata makonni a kansa ya narke. Da wuya hakan ya faru. Robar da ake ƙera mafi yawan tubalan da ita, wadda ake kira ABS, ba ta yin laushi sosai sai zafi ya kai wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyos, kuma a masana'anta sai an dafa ta ta haura digiri 230 kafin a ɗura ta cikin mazubi. Babu ɗakin da mutum zai iya zama a cikinsa da ke kusantar wannan zafi. Ɓarnar bazara sannu a hankali take shiga, kuma zafi ba shi kaɗai yake yin ta ba, domin yana haɗa kai ne da hasken rana, da nauyin da ke kan ginin, da laimar da ke cikin iska, da tsawon lokaci. Sau da yawa ma kafin ta taɓa tubalin kansa ta riga ta gama da sitika, da tayoyi, da batura, da kwalaye.

Wanda ya san ta inda ɓarnar take shigowa ba zai kashe kuɗi a inda ba a bukata ba. Hanya ta farko ita ce ta lalacewar robar kanta. An haɗa ABS daga sinadarai uku, kuma ɗaya daga cikinsu, wato butadiyin, shi ne yake ba tubali juriyar da ke hana shi fashewa idan ya faɗi. Shi ne kuma mafi rauni a gaban iskar oksijin da hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. Idan ya fara lalacewa, farin tubali yakan koma ruwan ɗorawa, mai ruwan toka ya dafe, shuɗi ya ɗauki wani kore-kore, sannan fatar tubalin ta yi gautsi. Haske ne yake tayar da wannan aiki, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma ya isa ya nuna cewa tubalin da ya yi shekara a ɗaki mai digiri 35 ya fi wanda ke ɗaki mai digiri 25 tsufa nesa ba kusa ba, ko da a rana ɗaya aka ƙera su.

Hanya ta biyu ita ce ta riƙo. Tun daga tsarin da kamfanin LEGO na ƙasar Denmark ya yi wa rajista a 1958, tubali yana kama ɗan'uwansa ne saboda 'yan kawunan da ke samansa suna matsewa tsakanin bango da bututun da ke ƙarƙashin na sama. Robar tana ɗan buɗawa kaɗan, da abin da bai kai kaurin gashi ba, kuma yunƙurin da take yi na komawa yadda take shi ne ƙarfin kamun. Roba kuwa idan ta daɗe a matse takan saba da matsin ta daina yunƙurin, kuma zafi yana gaggauta wannan sabo. Shi ya sa ginin da ya yi shekaru a haɗe cikin ɗaki mai zafi yakan yi sako-sako, kuma dogon sashe da ke ɗauke da nauyi yakan lotsa ya ƙi miƙewa.

Mataki na farko: a auna ɗakin kafin a taɓa komai

Jikin mutum ba ma'auni ba ne, domin yana jin zafin inda yake tsaye ne kawai, a lokacin da yake cikin ɗakin, alhali kayan suna can dare da rana, wasu a saman kabad kusa da silin, wasu a jikin taga. A samu ƙaramin ma'aunin zafi da laima mai batir, irin wanda yake riƙe adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta da ya gani, a ajiye shi kwana biyu ko uku a kowane wuri da ake zargi: saman kanta mafi tsawo, cikin kabad ɗin gilashi a rufe, gefen taga, jikin bangon da rana take duka da yamma, da kuma ƙasa a tsakiyar ɗaki domin a samu abin kwatantawa. A riƙa rubuta abin da aka gani tare da lokacinsa. Yawanci za a tarar cewa zafin ɗaki ba ya kai ƙarshensa da tsakar rana, sai da la'asar zuwa farkon dare, lokacin da bango da rufi suke sako zafin da suka yini suna sha. Za a kuma tarar da bambancin digiri da dama tsakanin ƙasa da saman kabad a ɗaki ɗaya.

Masu kula da kayan tarihi a gidajen adana su sukan nemi zafi tsakanin digiri 16 da 25, laima kuma tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Wannan shi ne abin so, amma ba kowa ke da halin riƙe ɗaki a haka ba, kuma bai kamata wanda bai samu ba ya ɗauka kayansa sun lalace. A ganina ɗakin da ba ya wuce digiri 30 ba abin damuwa ba ne matuƙar rana ba ta faɗa wa kayan. Wurin da ke yini sama da digiri 35 kullum yana bukatar gyara, wanda kuma ya haura 40 a kwashe kayan daga cikinsa. Wannan adadi na ƙarshe ba daga sama na ɗauko shi ba: kamfanin LEGO da kansa ya ce kada ruwan wanke tubalansa ya wuce digiri 40, kuma zafin da ba a yarda da shi ba na 'yan mintuna a cikin ruwa, babu dalilin da zai sa a bar kaya cikinsa wata uku.

Mataki na biyu: a raba kayan da rana

Idan abu ɗaya kawai mutum zai iya yi, to wannan ne. Gilashin taga na yau da kullum yana tare mafi yawan nau'in UV mai ƙona fata, amma yana barin kaso mai yawa na ɗaya nau'in ya wuce, kuma wannan ya isa ya rina farin tubali. Bayan haka, abin da rana ta faɗa wa kai tsaye yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi. Baƙin tubali ko mai duhun launi da ke bakin taga zai iya yin zafin da hannu zai ji sosai alhali ma'aunin da ke rataye a bango yana nuna digiri 30. Kabad ɗin gilashi da rana ke haskawa ya fi wannan muni, domin haske yana shiga, zafi ba ya samun hanyar fita.

A keɓe yini guda a bi sawun rana a ɗakin, a duba inda haskenta yake sauka da safe, da azahar, da yamma. Wurin da ke cikin inuwa a wani wata zai iya shiga rana a wani watan, saboda hanyar rana a sama tana sauyawa da lokacin shekara, don haka binciken da aka yi lokacin sanyi ba zai wadatar ba. Tagar da ke kallon yamma ita ce mafi haɗari, tunda rana tana shigo ta a kaikaice har cikin ɗaki daidai lokacin da iska ta fi zafi. Duk abin da haske ya taɓa a matsar da shi zuwa bangon da ba ya fuskantar taga, a fara da farare da masu ruwan toka da shuɗaye, da duk ginin da ke ɗauke da sitika.

Alamar cewa an makara tana da sauƙin ganewa. A cire wani farin tubali daga bangon ginin da ya daɗe a waje a juya shi: fuskar da ke kallon ɗaki ta yi rawaya, inda wani tubalin ya rufe kuwa fari ne tas, har ana ganin layin da ya raba su kamar an ja shi da abin ja-layi.

Wajen tare ranar, inuwar da aka yi daga waje ta fi ta ciki amfani, domin rumfa ko murfin taga na waje yana hana zafin isowa ga gilashin tun farko, shi kuwa labule sai zafi ya riga ya shigo yake tarar sa. Idan babu halin na waje, labule mai kauri wanda bayansa fari ne yana taimakawa ƙwarai. Akwai kuma siririyar leda da ake mannawa a gilashi, mai tare kusan kashi 99 cikin ɗari na UV. Tana da amfani ga launi, amma mai saye ya lura cewa wadda aka yi don UV kaɗai ba lallai ta rage zafi ba, sai an nemi wadda ke yin aikin biyu. A duba fitilu ma. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana mayar da wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zuwa zafi, ƙwan halojin kuma a cikin rufaffen kabad yakan gasa duk abin da ke ƙarƙashinsa. A musanya su da na LED, kuma ko su a riƙa kashewa idan ba kowa a ɗakin.

Mataki na uku: wuraren da ba a ajiya a cikinsu

Sararin da ke tsakanin silin da rufi, da gareji, da rumfar ajiya ta kwano, da kwantenar ƙarfe, duk wurare ne da mutane suke kai kayan da suka yi musu yawa, kuma duk suna iya haura digiri 50 a ranar da ake tsananin zafi. Da dare kuma su huce, washegari su sake ɗauka, wannan hawa da sauka kuwa yana sassauta gam, yana busar da kwali, yana kuma tara raɓa a cikin robobin ajiya idan iska na da laima. Wanda bai da wurin da zai ɗauke komai, ya fara ceto akwatunan da ba a buɗe ba, da takardun umarnin haɗawa, da sitikun da ba a liƙa ba, da duk abin da ke da batir ko injin lantarki. Tubalan da aka warware aka zuba a robar ajiya mai murfi su ne suka fi jurewa, su za a bari a ƙarshe.

Mota a rufe a rana ta fi duk waɗannan. Iskar cikinta takan wuce digiri 50 idan ta jima, saman allon gaban direba kuma yakan haura 70. A irin wannan zafi ne siraran sassa da faffaɗan farantin da ake ɗora gini a kai suke iya karkacewa, musamman idan an jingina su ko an danne gefe ɗaya. Wanda zai kai gini wurin baje koli, ya sanyaya motar kafin ya ɗora kaya, ya shimfiɗa farantai a kwance a kan katako mai daidaito, ya rufe su da farin ƙyalle, kuma ya tsara tafiyarsa ta yadda ba zai tsaya ya bar su a ciki ba.

Tsofaffin tubala suna da hukunci na daban. Kafin 1963 kamfanin LEGO yana amfani da wata roba da ake kira selulos asitet, wadda take karkacewa da kanta ko ba a yi mata komai ba, zafi da laima kuma suna ƙara mata. Wanda ya mallaki irin waɗannan ya ba su wuri mafi sanyi da duhu a gidan, a warware, kuma kada ya toshe su cikin leda ba iska, domin idan irin wannan robar ta fara ruɓewa tana fitar da tururi mai warin tsami wanda ke ƙara cin ta idan ya taru a wuri ɗaya.

Mataki na huɗu: a sauke wa gine-gine nauyi

A zagaya ɗakin a dubi kowane gini da tambaya ɗaya: wane sashe ne yake riƙe da nauyin da ba shi da madogara a ƙarƙashinsa? Fikafikan jirgi, da hannun injin ɗaga kaya, da tsakiyar doguwar gada, da barandar da ta fito daga jikin bene, duk irin wuraren ne da lotsawa take farawa. Maganinsu ba shi da wahala. A gina ɗan ginshiƙi da ragowar tubala a tokare su har zafi ya wuce, ko a cire sashen a kwantar da shi a gefe. Manyan motocin Technic kuwa, wato nau'in LEGO mai sassan inji, nauyinsu yana kan tayoyi da 'yan sifirin da ke ƙafafunsu, saboda haka a ɗaga su a kan tubala ta yadda tayoyin ba za su taɓa kanta ba. Wannan yana hana taya yin shafaffen gefe, yana kuma hana ta barin tabon maiƙo a kan fentin kanta ko farantin gini, abin da roba mai laushi takan yi idan ta daɗe a danne cikin zafi.

Sassan da ke riƙe da wani abu da ƙarfi su ma suna shan wahala, kamar 'yan maƙalai masu kama sanda da hannayen 'yan mutum-mutumi da aka damƙa wa takobi ko sanda shekara da shekaru. A irin waɗannan wurare ne tsagewa take fara bayyana. Ga mutum-mutumin da yake da daraja a wurin mai shi, gara a cire masa abin da ke hannunsa. Masu tarawa sun daɗe da lura cewa wasu sassa masu ruwan ƙasa da ja mai duhu na shekarun baya suna da gautsi fiye da sauran launuka, har sukan fashe wajen cirewa, don haka idan za a warware ginin da ke da su a yi a hankali, da abin ɓamɓare tubali, ba da ƙarfin yatsa ba.

Akwai kuma batun miƙewa, wanda ake yawan zuzutawa. Gaskiya ne ABS tana ƙara tsawo idan ta ɗumama, amma tubali mai tsawon milimita 32 da ya ƙaru da digiri 20 ba ya ƙara ko kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma tunda maƙwabtansa ma suna miƙewa tare da shi, babu abin da ke faruwa. Inda lissafin yake da muhimmanci shi ne babban shimfiɗaɗɗen gari da aka jera a kan tebur, domin mita ɗaya na roba zai iya ƙara kusan milimita 2 a wannan zafin, katakon da ke ƙarƙashinsa kuwa kusan bai motsa ba. Wanda ya manne farantansa da gam a jikin katako, ko ya matse su cikin firam ba sarari, zai iya ganin tsakiya ta kumburo. A bar ɗan sarari a gefe, shi ke nan.

Mataki na biyar: abubuwan da ba tubali ba

Nan ne asarar gaske take aukuwa, kuma nan aka fi yin sakaci. Gam ɗin bayan sitika yana laushi da zafi, sai sitikar ta zame ko gefenta ya ɗago, ƙura ta shiga, daga baya gam ɗin ya bushe sitikar ta tsattsage. Wadda aka liƙa a kan lanƙwasasshen sashe ko a tsakanin tubala biyu ita ce take fara tashi. Wadda ta riga ta tsage ba ta gyaruwa, saboda haka dubawa da wuri ita ce dabara: idan gefe ya fara ɗagowa a danna shi da auduga a kan tsinke, a kuma kai ginin wuri mai sanyi. Takardun sitika da ba a yi amfani da su ba a adana su a kwance tsakanin kwali biyu masu tsabta.

Siraran robobi masu talewa da ake sa wa injina sukan bushe su tsinke, ko su yi danƙo su manne a jikin abin da suke kewaye da shi. A cire su daga ginin da ba a wasa da shi, a sa a 'yar leda a ajiye cikin duhu.

Batura su ne mafi haɗari a ɗakin. Batirin alkalin da aka manta a cikin akwatinsa yana saurin yoyo idan ya sha zafi, kuma farin garin da yake fitarwa yana cin ƙarfen da wuta ke bi, har akwatin ya daina aiki. A buɗe kowane jirgin ƙasa, da na'urar sarrafawa, da tubali mai fitila, a cire baturan. Idan an tarar da yoyo, a sa safar hannu, a goge da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan khal, a bari ya bushe sarai. Baturan litiyam masu caji kuwa zafi yana rage musu rai, musamman idan an ajiye su a cike maƙil, don haka a bar su da caji wajen rabi, kada a yi musu caji a wurin da ya haura digiri 45 ko a cikin rana, kuma wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, a kai shi inda ake karɓar matattun batura.

Kwali da takarda sun fi jin laima. Idan ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, fumfuna takan kama, kwali ya yi laushi, na ƙasa ya lotsa da nauyin na sama. Salatif ɗin da aka rufe sabon akwati da shi ma yakan saki da zafi, abin da ke rage darajarsa a wurin masu saye ko da ba a taɓa buɗe shi ba. A ɗaga akwatuna daga ƙasa, a matsar da su kaɗan daga bangon waje, kada kuma a jibga su da yawa a kan juna. Wajen zaɓar robar ajiya a duba lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku a gindinta: 5, 2 da 4 ba sa cutar da tubala, amma 3, wato PVC, musamman mai laushi irin ta wasu jakunkuna da shimfiɗun tebur, tana fitar da wani mai da ke iya cin fuskar tubalin da ya daɗe a manne da ita, kuma zafi yana ƙara fitarsa. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin silika suna tsotse laima a cikin roba mai rufuwa ruf, amma a buɗaɗɗen ɗaki ba su da wani tasiri.

Mataki na shida: sanyaya ɗakin

Da gangan na bar wannan a baya, domin shi ne mafi tsada, kuma wanda ya yi matakan da suka gabata zai ga bukatarsa ta ragu. Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe tagogi da labule tun da hantsi, a buɗe su da dare idan iskar waje ta fi ta ciki sanyi, a sa fanka a bakin taga ta riƙa fitar da zazzafar iska. Fanka da rana a rufaffen ɗaki ba ta rage wa tubali komai, tunda tana sanyaya mutum ne ta hanyar busar da gumi, tubali kuwa ba ya gumi, injinta ma ɗan ƙarin zafi yake yi. A kuma rage abin da ke hura zafi daga ciki, domin kwamfuta da firinta da fitilu da aka bari a kunne duk wutar da suka sha zafi take komawa.

Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki, gara ya saita ta a matsakaicin sanyi kamar digiri 25 ko 26 ta yi aiki a sa'o'in da zafi ya fi tsanani, da ya ƙure ta na awa biyu sannan ya kashe ɗakin ya koma tanda. Tana kuma rage laima, abin da kwali ke so. Sai dai a kula da raɓa: akwatin da aka fito da shi daga ɗaki mai sanyi zuwa iska mai zafi da laima yakan jiƙe, don haka a bar shi a rufe har ya daidaita da wurin. Na'urar da ke sanyaya iska da ruwa tana aiki ne a inda iska ta bushe, kuma tana ƙara laima, saboda haka mai amfani da ita ya sa ido a kan ma'auninsa.

Ɗakin da ake irin wannan sha'awa yakan tara wasu kayan da zafi ya fi yi wa illa fiye da tubala. Gwangwanin fenti na feshi an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, domin yana iya fashewa. Gam mai saurin kamawa yana daskarewa a cikin kwalbarsa da zafi da laima. Matokarai da ake bugawa da firintar 3D daga robar PLA suna laushi tun daga wajen digiri 60, wato za su iya sakin ginin da suke ɗauke da shi a yanayin da tubalin bai ji komai ba. Gilashin ƙara girman abu da ke kan tebur kuwa a riƙa rufe shi, domin idan rana ta ratsa ta cikinsa yana tattara haskenta wuri ɗaya har ya ƙona takarda ko ya huda roba. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana cin roba, saboda haka wanda ya shafa ya wanke hannu kafin ya taɓa gini, maganin ƙwari na feshi ma kada a fesa shi a kan kantoci.

Idan ɓarnar ta riga ta auku

Ƙura da gumin hannu sukan haɗu su yi danƙo a lokacin zafi, kuma wanki yana magance su. A wanke da hannu cikin ruwan da bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun ruwa mara ƙarfi da burushi mai laushi, a ɗauraye, a baza a kan tawul a inuwa, a sa fanka idan ana sauri. Kada a shanya a rana, kada a sa a injin wanki, kada a busar da na'urar busar da gashi. Masu sitika da na lantarki a goge su kawai. A nisanci ruwan goge jan farce, da tina, da fetur, domin sinadarin asiton da ke cikin ruwan goge farce yana narkar da ABS nan take, sauran ma suna lalata ta.

Game da tubalan da suka yi rawaya, wasu suna jiƙa su cikin ruwan haidirojin feroksaid su ajiye a haske har farin ya dawo. Yana aiki, amma yana gyara launin fatar ne kawai, rawayar takan dawo bayan wani lokaci, kuma masu launi sukan fito da dabbare-dabbare. Ni dai ba zan yi wa sashen da ke da wuyar samu haka ba, kuma wanda ya ƙuduri yi ya fara gwadawa da tubali ɗaya maras muhimmanci. Farantin da ya ɗan karkace za a iya kwantar da shi tsakanin katako biyu masu daidaito a ɗora nauyi na wasu makonni, wani lokaci ya miƙe, wani lokaci ya ƙi. Tubalin da kamunsa ya saki kuwa ba ya dawowa, sai dai a ware shi a riƙa sa shi a cikin gini inda wasu tubalan za su danne shi sama da ƙasa, a bar masu ƙarfin kamu ga gefuna da wuraren da ke ɗaukar nauyi.